Da Goyo ko Babu Goyo

Jikata ce ta tayar mini da wannan tunanin, wadda take karatun jinya a babban asibitin nan na kusa da mu. Na yafa mayafi ina laluben takalmi, sai ta tambaye ni ina zan je. Na ce zan leƙa wata baiwar Allah da muke haɗuwa a layin masu hawan jini, ta kwatanta mini gidanta a Unguwar Gano. Yarinyar ta dube ni ta ce, "Hajiya, kin kira ta kuwa? Yanzu fa ba a faɗo wa mutane gida haka kawai. Ba irin zamaninku ba ne da kowa yake shiga gidan kowa ba sanarwa." Na bar ta ta kira ta a waya, matar ta ce in zo jibi bayan la'asar, kuma na je, mun sha hira. Wannan ba abin damuwa ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rabin maganarta na ƙarshe, don a nan ta yi kuskure, kuma ni shaida ce.

Yaran yanzu sun ɗauka da zuwan waya aka fara neman lokacin mutum kafin a ziyarce shi. Ba haka ba ne. Gidan 'yan uwa da na maƙwabtan jikin katanga, wannan kam sallama kawai ake yi a shiga. Amma wanda sanayya ce kaɗai ta haɗa ku, ba jini ba, ba katanga ba, sai an aika, sai an ji daga bakinsa. Bambancin kawai mu ba agogo a hannunmu, sai rana da salla da aikin gida. A ce miki ki zo da hantsi in an gama daka, ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi, ko ranar Juma'a in maza sun tafi masallaci, ko kuma in an cire gyaɗa hankalin kowa ya kwanta. Kafin ki aika wa mace cewa kina son zuwa, sai kin zauna kin auna zamanta tukuna. Tana jego ne? Mijinta yana gari? Akwai hatsi a gidan da za ta tarbi baƙuwa ba tare da ta ji kunya ba? Yanzu in ka tambayi mutum sai ya ce bari ya duba ko yana da sarari, kowa nasa lokacin yake dubawa. Mu lokacin wanda za mu je wa muke fara dubawa. Ni ba a makaranta na koyi wannan ba, a wurin wata mata na koya, 'yar Tarauni, kuma a lokacin da nake cikin halin da ban taɓa shiga irinsa ba.

Da aka kawo ni Gyadi-Gyadi ina amarya, gidajen ba su da yawa, kana iya sanin mai kowane gida da muryarsa. In ka fita bayan gidanmu gonaki ne har iyakar ganinka, gero da dawa da gyaɗa, ga ɗorawa da tsamiya a tsaye nan da can. Da asuba ba ƙarar babur ce take tashin mu ba, muryar ladan ce, muryarsa ta gaske ba lasifika, sai zakaru su karɓa, sai kukan jakin masu kai taki gona. Hantsi na fitowa turame suke ɗauka. Daga ɗakina ina gane dakan kowace mace a layinmu, da mai saurin hannu, da mai lugude, da wadda take tsayawa tana faɗa da 'ya'yanta tsakanin taɓarya da taɓarya. Da damina kwaɗin kududdufi ba sa barin kowa ya ji maganar kowa da almuru. Manyan motoci kuwa daga can titin Zariya ake jin gurnaninsu, kuma ni na fi kowa kasa kunne gare su, don maigidana direban babbar mota ne, shanu yake kaiwa Kudu, in ya tafi sai ya daɗe bai dawo ba. A gidan daga ni sai mahaifiyarsa, Inna, tsohuwa mai ƙarancin magana da yawan aiki. Ita ta koya mini jan ruwa a rijiya mai zurfi ba tare da igiya ta ci mini hannu ba, ita ta koya mini tuwon dawa irin na mutanen Kano. Ba ta cika yabo ba, amma in ta ce "ya yi," to ya yi ɗin.

Da na samu ciki, maigidan ya dage sai na riƙa zuwa awo, don ya ga yadda ake yi a garuruwan da yake zuwa. Inna ce take raka ni, mu taka zuwa bakin titi mu hau motar kiya-kiya zuwa asibiti a cikin gari. A kan bencin jira na san Saude. Ta girme ni da 'yan shekaru, shi ya sa nake ce mata Yaya, doguwa ce baƙa mai wushirya, kullum da ƙullin aya ko gyaɗa a bakin zaninta. Ranar farko ta ga ina ta raba ido kamar wadda aka kawo kotu, sai ta matsa mini wuri ta ce, "Na fari ne ko? Zauna nan, ba abin da za su yi miki sai danne-danne." Da ta ji daga Gyadi-Gyadi muke, ta ce ai mu maƙwabta ne, gona ce kawai tsakaninmu. Kusan lokaci ɗaya muka samu cikin. Muka riƙa haɗuwa duk ranar awo, muna dawowa mota ɗaya, har tana tsokanata cewa in ɗaya ta haifi namiji ɗaya ta haifi mace, to an gama magana, ba sai an nemi mai shiga tsakani ba. Iyakar saninmu ke nan. Ba ta taɓa taka gidanmu ba, ban taɓa taka nasu ba.

Da watan haihuwa ya kama aka mayar da ni ƙauyenmu wurin iyayena, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Na haifi namiji. Aka yi suna, aka yanka rago, maigidan ya zo da atamfofi. Kafin in gama wanka zazzaɓi ya kama yaron, bai ɗauki wani lokaci ba Allah ya karɓi abinsa. Aka ƙarasa mini wankan jego babu jariri, sannan aka dawo da ni Kano bayana wayam.

Yaran yanzu ba za su gane abin da zan faɗa ba, don su suna rungume ɗan fari a gaban kowa, suna kiran sunansa, suna ɗaukar hotonsa suna aika wa duniya. A zamaninmu ɗan fari abin kunya ne. Ba kya faɗar sunansa, ba kya yi masa wasa a gaban manya, ko nono za ki ba shi sai kin kawar da kai. To in ya rasu fa? Kunyar ba ta ƙarewa. Mata suka yi ta shigowa gaisuwa, kowace ta ce, "Ya haƙuri? Ai ke yarinya ce, wasu na tafe," ni kuma in sunkuyar da kai in ce mun gode Allah. Ba wadda ta tambaye ni kamanninsa. Kusan kowace kuma da goyo a bayanta, ta kwance shi a gabana ta ba shi nono tana yi mini nasiha. Ba mugunta suke yi ba, haka aka saba. Amma ni duk wadda ta fita sai in ji kamar an ɗebe wani abu daga jikina. Na daina cin abinci sai don idon Inna. Na daina kitso. In na ɗauki taɓarya sai in tsaya da ita a hannu har Inna ta zo ta karɓa. Da maigidan ya dawo daga wata tafiya na ce masa ina so in koma gida wurin iyayena. Sai ya ce in ya je wannan lodin ya dawo, da kansa zai kai ni in huta. Hutu ya kira shi, amma da ni da shi da Inna duk mun san in na tafi a wannan halin ba lalle in dawo ba. Mutumin kirki ne, ba ni da wani laifi da zan ɗora masa. Garin ne ya fita daga raina.

Akwai wata dattijuwa, Uwani mai kitso, da take yawo gida-gida daga unguwarmu har Tarauni da Daurawa. A wancan lokacin irinsu ne wayarmu, don ba gidan da ba sa shiga. Wata rana tana yi wa Inna kitso a gindin bishiyar tsakar gida, sai ta juyo wajena ta ce, "Ke kuwa, akwai saƙonki. Saude ta Tarauni, wadda kuke awo tare, ta ce in gaishe ki, in yi miki gaisuwar rashi. Ta sauka lafiya, mace ta samu. Ta ce tana son zuwa, amma ba za ta zo ba sai kin ba ta rana. Kuma ta ce ke za ki zaɓa, ta zo da goyo ko babu goyo."

Tunda aka yi rasuwar ba wanda ya tambaye ni abin da nake so. Amma jin cewa tata tana raye, mace kuma, ga wasan da muka riƙa yi a mota, sai na ji ba zan iya ganinta yanzu ba. Na ce, "Ki ce mata na gode. Ta bari sai maigidan ya dawo."

Uwani ta kai, ta dawo da amsa. "Ta ce Allah ya kai mu, ba gaggawa. Ta ce ita kowace rana ta yi mata, ban da Juma'a, don ranar surukarta take tafiya unguwa, babu mai riƙe mata yarinyar."

Wato tun kafin in zaɓa ta riga ta shirya zuwa ita kaɗai. Na gane haka sarai, amma da Uwani ta sake zagayowa sai na ce ruwa ya yi yawa, hanyar gona ta yi caɓi, ta bari a ɗan samu sauƙi. Amsar ba ta canja ba: Allah ya kai mu, ba gaggawa, ranar da na ga ta yi mini.

Inna tana jin duk wannan, har wata safiya muna tsince wake a faifai. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Matar nan ta gama yawon arba'in. Uwani ta ce ba gidan da ta sani da ba ta shiga da jaririyarta ba. Gidan nan kawai ta tsallake, kuma ba don ta raina mu ba, kin san dalili. In ba kya son ta zo, ki ce ba kya so, a kai mata, ta huta da jira. In kina so, ki ba ta rana. Amma ki daina ba ta uzuri. Mutum ya girmama ki ya ce ki zaɓa, ai sai ki zaɓa."

Na ce, "Inna, ai tafiya zan yi."

Ta ce, "To ko sallama ai kya yi da ita."

A kan haka na tsaya. Na zauna na auna kamar yadda na ga manya suna yi. Da sassafe ba zai yiwu ba, tana da wankan jaririya da abin karin kumallon gida. Da yamma kuma hadari yake haɗowa a wannan lokacin na shekara, kada ruwa ya tsare ta nesa da 'yarta. Sai na ce wa Uwani ta gaya mata ranar Laraba da walaha, in ta gama aikin safe ta shayar da yarinyar ta yi barci. Uwani ta tsaya tana jira, don ta san da saura. Na ce, "Ita kaɗai." Ta gyaɗa kai, sannan ta dubi kaina ta ce, "Da wannan kan za ki tarbi baƙuwa?" Ranar na zauna ta tsefe ni ta yi mini kitso, karo na farko tun dawowata.

Ranar Laraba Inna ta tashi ta share tsakar gida tas, ta dama fura ta rufe da faifai, ta turara dambu. Rana ta ɗan ɗaga sai muka ji sallama. Yaya Saude ce, ƙafafunta duk laka, ta ratso ta cikin dawa wadda a lokacin ta fi tsayin mutum. Bayanta ba kowa. Mai jego da ta saba da goyo in ta fito babu shi har tafiyarta daban take, tana ta kai hannu baya tana gyara abin da babu. Ta durƙusa ta gaishe da Inna, suka yi addu'a, sannan Inna ta ce mu shiga ɗaki, ita tana da aiki a madafi.

Muka zauna a tabarma. Ba ta ce mini ni yarinya ce ba, ba ta ce wasu na tafe ba. Ta sha furar, ta yaba hannun Inna, ta ajiye ludayi, sannan ta dube ni ta ce, "Wa ya ɗauko, ke ko babansa?"

Na ce, "Babansa. Amma kunnen irin na gidanmu ne."

Ta ce, "Me aka sa masa?"

Na waiga ƙofa. Ta ce, "Daga ni sai ke. Faɗa mini."

Na faɗi sunan. Tunda aka raɗa masa shi bai taɓa fita daga bakina ba sai ranar. Yana fita kuwa sauran suka biyo. Na gaya mata yadda yake damƙe yatsana in yana shan nono, da yadda yake atishawa in an fito da shi daga wanka, da yadda zazzaɓin ya fara, da abin da aka yi da wanda ba a samu yi ba. Na yi kukan da ban yi a ƙauye ba, ban yi a gaban mata masu gaisuwa ba. Ba ta hana ni ba. Da na ɗan lafa ta ce, "Nawa na farin ma haka ya tafi, yana rarrafe. Ranar uku wata ƙawata ta zo mini gaisuwa da ɗanta, sa'ansa ne, ta ajiye shi yana wasa da kwanona. Ba ta yi don ta cuce ni ba, amma na daɗe ban iya kallon fuskarta ba. Shi ya sa na ce ba zan yi miki haka ba. Gara in jira ki kira ni."

Muka ci gaba da magana, ni ce dai mai yawan yin ta. Inuwar katanga ta janye, azahar ta matso, ban lura ba. Can na ga tana ta jan mayafi tana rufe ƙirjinta. Na duba da kyau, ashe nono ne ya kawo, ya jiƙa gaban rigarta sharkaf har yana ɗiga a zani. Na san wannan abin, don ni ma na sha shi bayan rasuwar, nonon yana zuba babu mai sha. Na kuma san abin da yake nufi: yarinyar ta tashi tun ɗazu, tana can tana neman uwarta. Matar nan tana zaune da ciwon ƙirji da tunanin 'yarta, amma ba ta ko motsa ba, don ta ga ban gama ba.

Na ce, "Yaya, yarinyar tana can tana kuka."

Ta ce, "Kakarta tana nan, za ta jijjiga ta. Ƙarasa maganarki."

Na miƙe na ɗauko mayafina daga kan ƙofa na ce, "Tashi mu je."

Ta dube ni ta ce, "Kin tabbata? Ba dole sai yau ba."

Na ce na tabbata. Inna tana bakin murhu ta gan mu mun fito da mayafai. Na fara cewa maigidan ba ya nan balle in tambaye shi, ta katse ni ta ce, "Ni na aike ki. Ku yi sauri."

Tun dawowata daga ƙauye ban taka ƙofar gida ba sai ranar. Muka bi siririyar hanyar da take ratsa gonaki, ganyen dawa yana shafar fuskarmu, ƙasa tana ƙamshin ruwan jiya. Gero ya yi kai, wasu manoma suna gasa tumu a gindin ɗorawa, hayaƙin yana bin iska. Yaya Saude tana gaba tana zuba sauri, ina binta ina haki, don jikina ya yi rauni da rashin ci. Tun kafin mu ga gidan muka jiyo kukan, irin na jaririn da ya gaji da kuka har muryarsa ta dishe. Ban tsaya ba, na bi ta muka shiga.

Surukarta tana tsakar gida tana zagaye da yarinyar a kafaɗa. Yaya Saude ta karɓe ta ta zauna a bakin ɗaki, nan da nan kukan ya ɗauke, sai ƙarar haɗiya da ajiyar zuciya. Na zauna gefe ina kallon ƙasa, sannan na fara kallon ƙafar yarinyar, sannan hannunta. Da ta ƙoshi, uwar ba ta miƙo mini ita ba kamar yadda ake yi wa baƙuwa. Ta kwantar da ita a cinyarta ta ci gaba da hira da surukarta kan maganar tuwon dare, kamar ba ta san ina wurin ba. Ta bar mini wannan ma in zaɓa.

Na ce, "Miƙo ta."

Ba zan ce ban ji ciwo ba. Nauyinta a hannuna ya fi na nawa, don ta wuce inda ya tsaya. Amma ciwon bai kashe ni ba kamar yadda na zata, ya zo ya zauna, na iya ɗaukarsa tare da yarinyar. Ta buɗe ido ta ƙura mini, ga wushiryar uwarta ba ta fito ba tukuna amma bakin iri ɗaya ne. Ina cikin kallonta sai na ji ɗumi a cinyata, ashe fitsari ta sakar mini a sabon zanina. Tsohuwar ta tuntsire da dariya ta ce, "To, ta zaɓe ki. Ba ta yi wa kowa sai wanda take so." Na ji kaina ina dariya, har na tsorata da jin muryata.

A can na yi azahar, na ci tuwo da miyar kuɓewa har na ƙara. Da zan tafi Yaya Saude ta goya yarinyar ta rako ni bakin gona. Ta ce, "Yaushe zan dawo?"

Na ce, "Wannan karon ke za ki faɗa, ke ce mai goyo."

Ta yi ɗan lissafi ta ce Larabar sama, in Allah ya kai mu, da walaha kamar yau. Sannan ta ce, "Ni kaɗai?"

Na ce, "Da ita."

Wannan hanyar da muka bi babu ita yanzu. Inda ɗorawar take shagunan magani ne da gidajen haya na ɗalibai da ma'aikatan asibiti, inda dawa take tsayawa kuwa adaidaita sahu ne suke layi suna kiran fasinja. Ba na kukan wannan, gari dole ya girma, kuma asibitin da ya zo kusa da mu ya ceci jarirai irin nawa da yawa. Ni da Yaya Saude mun yi zumuncin da ya fi na wasu 'yan uwa, ita ta riƙe ni a duk haihuwar da na yi bayan nan, ni kuma ina cikin waɗanda suka yi mata wanka ranar da Allah ya karɓe ta. Yarinyar da ta jiƙa mini zani yanzu kaka ce a Darmanawa, Inna take ce mini. Abin da nake so yaran nan su sani kawai shi ne, neman lokacin mutum ba sabon abu ba ne, kuma ba duba agogo ba ne. Na ga mace ta jira ni mako bayan mako ba ta yi fushi ba, ta ajiye jaririyarta ta ratso gona cikin laka, don kawai ta zo mini a lokacin da zan iya karɓar ta.

Maigidan ya dawo daga Kudu kafin wannan Larabar. Na jiyo tsayuwar motarsa daga titi kamar kullum, na ɗora masa ruwan wanka. Ya shigo ya tarar ina daka, ya tsaya ya dubi kitsona, ya dubi Inna, Inna ta ci gaba da tankaɗenta kamar ba ta gan shi ba. Bayan ya ci abinci ya kira ni ɗaki. Mutum ne mai cika alkawari ko da ba ya so, don haka ya ce, "Na samu hutun 'yan kwanaki. Ki shirya kayanki, wace rana kike so in kai ki gida?"

Na ce, "Ba yanzu ba, Malam. Ina da baƙi ranar Laraba, na riga na ba su rana."

Ya ce, "To bayan Larabar fa?"

Na ce, "Bayan Laraba kuma ni ce da zuwa nasu gidan."

Bai ƙara tambaya ba. Ya jawo kwanon ya ce in akwai sauran tuwo in ƙaro masa.